Naso da fumfuna a gidan haya: yadda za ka gano tushensu da wanda gyara ya hau kansa

Yawancin rigimar da ke shiga tsakanin mai gida da ɗan haya a kan laima, a watan Agusta take tasowa, lokacin marka. An kama gida da rani, bango fes da sabon fenti, an biya kuɗin shekara cur, an sallami dillali. Ruwa na kankama sai gindin bango ya fara duhu, fenti ya kumbura yana ɓantarewa, bayan sif ya yi baƙi ƙirin, takalman da ke ƙarƙashin gado su yi fari-fari, ɗaki ya ɗauki wani warin da ko turaren wuta ba ya danne shi. Ɗan haya ya ce ai ginin ne ba shi da kyau. Mai gida ya ce shekara da shekaru ana zama a gidan nan ba wanda ya taɓa kuka, ku ne dai ba kwa buɗe taga. Ana wannan ja-in-ja, yara na kwana cikin fumfuna suna tari.

Fumfuna ba ta rayuwa sai da ruwa. Duk inda ka gan ta, akwai hanyar da ruwa yake bi ya iso wurin, kuma wanda hanyar nan take ƙarƙashin kulawarsa, shi gyara ya hau kansa. Don haka kafin a zo maganar wa zai biya, sai an san daga ina ruwan yake fitowa. Gidajen da nake nufi a nan su ne irin namu na Kano, Kaduna, Zariya, Jos da Abuja, ko na bulo ne ko na ƙasa, ko gida guda ne ko ɗaki-ɗaki.

Mataki na farko: ka bi sawun ruwan

A nan ya kamata ka fi ɓata lokaci, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Ka janye sif da gado da kujeru daga jikin bango, ka ɗaga ledar ƙasa ko kafet, ka kunna tocila ko da rana ce. Sannan ka fita waje ka dubi bayan wannan bangon. Idan da hali, ka yi duban nan ana tsakar ruwa, ka kuma sake yi washegari.

Ruwan da ke zuwa daga sama shi ya fi sauƙin ganewa. Silin yana yin tabo ruwan ƙasa mai zobe-zobe, ya yi ciki, wani lokaci ya fara ɗiga. Dalilinsa kwano ne da ya yi tsatsa, ko ƙusa da ta saki, ko iska da ta ɗaga shafi guda. A gidajen zamani masu ɓoyayyen rufi, waɗanda aka ja bango ya rufe kwanon, matsalar takan kasance a magudanar da ke bayan bangon: leda da ganye da ƙurar hunturu sun toshe ta, ruwa ya taru ya rasa mafita, ya biyo jikin gini ya sauko. Za ka ga tabon a saman bango, dab da silin, yana gangarowa. A soron ƙasa kuwa, yaɓen rufi ne ya zaizaye ko indararo ya karye yana zubar da ruwa a jikin gini. Ka lura, inda silin yake ɗiga ba lallai ne nan hujin yake ba, domin ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya faɗo.

Na gefe shi ne ruwan da iska ke watsawa jikin bango, ya shiga ta tsaga, ta gefen taga, ko ta bulon da ba a yi wa filasta a waje ba. Alamarsa ita ce tabon yana tsakiyar bango, yana ƙaruwa bayan ruwa mai iska, yana ja baya idan an kwana biyu ba a yi ruwa ba. A ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi shan wannan wahala.

Na ƙasa shi ne naso, kuma shi ya fi taurin kai. Bango yana tsotsar ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Tabon daga gindin bango yake farawa, ya hau sama, yawanci bai cika wuce mita ɗaya ba, kuma bakinsa yana da layi mai lanƙwasa. Idan ka shafa hannu za ka ji filasta tana marmashewa, ka ga wani farin gari ya manne maka. Gishirin ƙasa ne da ruwan ya ɗauko ya bari bayan ya bushe, shi ne kuma ke tura fenti ya kumbura. Ginin kirki ana sa masa shinge a tushe, abin da magina ke kira DPC, wato leda mai kauri ko kankare mai hana ruwa da ke raba tushe da bango, kuma ana so ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Gidaje da yawa ba a sa musu ba don tsimin kuɗi. Wasu an sa, amma shekaru sun tafi, an yi ta cike lungu da ɓaraguzai, ko an ɗaga titi, har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu. Wasu kuma a kan kududdufin da aka cike aka gina su. Ka duba ko kwatar da ke bin jikin gidan ta toshe, ko akwai gansakuka a gindin bangon waje.

Akwai ruwan da ba ruwansa da damina. Idan tabon yana nan daram har cikin watan Maris, musamman a bangon da ya raba ɗaki da banɗaki ko kicin, to ka zargi bututun da aka binne a bango, ko tayil ɗin banɗaki da bakinsa ya buɗe, ko sokawe da ya cika. A gidan bene, banɗakin na sama shi ke jiƙa silin na ƙasa. Gwajinsa mai sauƙi ne inda ake da tanki: da daddare a rufe duk famfunan gida, a yi alama a inda ruwan tanki ya tsaya, da safe a duba. Idan ya sauka alhali ba wanda ya taɓa, akwai inda yake zurarewa.

Na ƙarshe shi ne wanda zaman mutane ke haifarwa: tururin girki a ɗaki rufe, shanyar jiƙaƙƙun kaya a ciki saboda ruwa ya hana shanya a tsakar gida, numfashin mutum shida ko bakwai a ɗaki mai taga ɗaya da aka liƙe saboda sauro. Fumfunar irin wannan ɗigo-ɗigo ce baƙa, ta fi son kusurwa, bayan kayan ɗaki, cikin sif, jikin jaka da takalmin fata.

Idan ka rasa gane tsakanin wannan da sauran, ka yi gwajin leda. Ka goge wurin ya bushe, ka yanko farar leda kamar faɗin littafin makaranta, ka manna ta a bangon da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana biyu. In ka tarar da raɓa a fuskar da ke kallon ɗaki, daga iskar ɗakin ruwan yake. In raɓar tana tsakanin leda da bango, ginin ne ke kawo shi. Haka za ka gwada daɓen ƙasa. Sau da yawa za ka tarar da duka biyun, kuma wannan ma amsa ce.

Mataki na biyu: ka tara shaida

Ka ɗauki hoto daga nesa yadda za a gane ɗakin, sannan daga kusa. Ka ja layi da fensir a bakin tabon ka rubuta kwanan wata a gefensa, bayan mako guda ka sake ja, a ga ko yana hawa. Idan yoyo ne, ka ɗauki bidiyo ana ruwa, bokiti na cika. Katifa, littattafai, buhun hatsi, duk abin da ya lalace ka ɗauke shi hoto kafin ka zubar. Takardar asibiti da rasiɗin magani ka adana su. Ka nemo takardar yarjejeniya da rasiɗin kuɗin haya ka haɗa wuri ɗaya. In gidan na ɗaki-ɗaki ne, ka leƙa wajen maƙwabta ka ga ko su ma haka nasu yake, domin ɗaki uku a jere da naso iri ɗaya sun kashe maganar cewa zamanka ne ya jawo.

Ka kuma samu magini ko mai gyaran famfo ya zo ya duba, ya faɗi abin da ya gani da ƙiyasin kuɗin gyara, a rubuce in zai yiwu.

Mataki na uku: ka san matsayinka

Abu uku ake dubawa: abin da kuka rubuta, abin da dokar ƙasa ta ce, da abin da Shari'a ta ce.

Yarjejeniya ita ce gaba. A ƙa'idar haya da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila, wanda ya ba da hayar gidan da ba kaya a ciki ba a ɗaukar cewa ya yi alkawarin gidan lafiyayye ne, sai in an rubuta. Wannan ya sa layi ɗaya a takarda yake da nauyi sosai. Ka karanta taka da kyau, ka nemi inda aka ambaci rufi, bango, bututu da magudana. Mutanenmu da yawa ba su da komai sai rasiɗin dillali, wasu ma ko shi babu. Hayar baki haya ce, amma ranar rigima shaidu da al'adar gari za a koma wa.

Dokar haya ta jiha ce, kowace jiha da tata. Wadda ta fi fayyace rabon aiki ita ce ta Legas ta 2011. Sashe na 8 ya ɗora wa mai gida gyara da kula da bayan gini da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kansu. Sashe na 7 ya ɗora wa ɗan haya ya riƙe gidan da kyau, ban da tsufan da zama ke kawowa, ya sanar da mai gida idan gini ya samu babbar illa, ya bar shi ya shigo ya duba bayan sanarwa, kada kuma ya canza fasalin gida ba da izininsa ba. Duka sassan biyu sun bar ƙofa ga abin da yarjejeniya ta tanada. Dokar ba ta aiki a Kano ko Kaduna, amma rabon da ta yi shi ne wanda yawancin takardun haya da lauyoyi ke rubutawa suke bi, kuma shi hankali ya fi karɓa.

A kan wannan rabo, yoyon rufi, tsagar bango, naso daga tushe, bututun cikin bango, sokawen da ya rufta da magudanar gida duk na mai gida ne. Ɗan haya bai gina ba, ba shi da ikon rushewa, kuma ranar da ya tashi ba zai tafi da gyaran ba. Na ɗan haya su ne abin da hannunsa ya jawo: famfon da ya bari yana zuba, bututun na'urar sanyaya ɗaki da ya bari yana ɗiga a jikin bango, makwararar da ya toshe da shara, kwanon da mai ɗaura masa dish ko sola ya huda, shanya da girki a ɗaki rufe. Akwai kuma laifin shiru. Wanda ya ga ɗigo a watan Yuni bai faɗa ba har silin ya rufto a Satumba, yana da kaso a ɓarnar.

Inda ake yawan zaluntar ɗan haya shi ne wajen tururi. Ɗakin da ba shi da taga sai ƙofa, ko banɗakin da ba shi da ko ɗan huji, ko kicin da aka rufe ruf, dole su yi fumfuna ko wa ke ciki. Girki da wanka da numfashi su ne zaman gida, ba ɓarna ba ne. Idan ginin bai ba iska hanya ba, aibin na ginin ne.

Sai Shari'a, wadda da yawa daga cikinmu ita za mu fara tuntuɓa. Malaman Malikiyya sun yi maganar nan ƙarara a babin hayar gidaje, kuma Mukhtasar na Khalil ma da ɗigar rufi ya ba da misali. Abin da ya zo a ciki shi ne ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara, amma idan aibin mai cutarwa ne, ɗan haya yana da zaɓi: ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna. Idan ya zaɓi zama, cikakken kuɗin haya ya hau kansa. Idan kuma mai gida ya gyara kafin ya fita, to sai ya ƙarasa wa'adinsa. Akwai malaman mazhabar da suka tafi a kan cewa ana tilasta mai gida, sai dai wancan shi ne mashahuri. Ka dubi abin da wannan yake nufi a aikace. Wanda ya yi shiru ya cinye damina cikin yoyo, sannan a ƙarshen shekara ya ce sai an rage masa, hujjarsa ta yi rauni. Wanda ya yi magana da wuri yana da damar neman a gyara, ko a mayar masa da kuɗin watannin da suka rage ya tashi. Mukhtasar ɗin ya kuma halatta a sharɗanta cewa za a yi gyara ko yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya wajaba, kuma wannan ita ce mafitar da za mu zo kanta a mataki na shida.

Mai gidan da ya san bangonsa na naso ya sa aka shafe da fenti don a kama, ya sani wannan algus ne. Hadisin da ke cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu bai tsaya ga masu awo a kasuwa kaɗai ba. Dillalin da ya sani ya yi shiru, shi ma yana ciki.

Mataki na huɗu: ka sanar da mai gida, a rubuce

Ka fara da zuwa ko kiran waya, don girmamawa. Amma a ranar ka bi da saƙon WhatsApp ko takarda, domin magana ta baki ba ta da kwanan wata. In ta hannun wakili kake biya, ka aika masa, ka kuma nemi saƙon ya isa ga mai gidan kansa. Ga irin yadda za a rubuta:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne ɗan hayarka na sashen baya. Kamar yadda na shaida maka ɗazu, tun ruwan makon jiya rufin ɗakin yara yake yoyo ta kusurwar gabas, silin ya jiƙe, bango ya fara fumfuna. Ga hotuna nan na haɗo. Ƙaramar 'yata tana da asma, shi ya sa abin ya dame ni. Ina roƙon a turo kafinta ya duba cikin mako guda. Duk ranar da za a zo a sanar da ni, zan bar ƙofa a buɗe. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri."

Saƙon ya faɗi wuri, lokaci, illa da wa'adi, bai zagi kowa ba. Idan an turo mai gyara, ka ba shi hanya. Ɗan hayar da ya hana shiga ya rusa ƙararsa da hannunsa.

Mataki na biyar: ka kare iyalinka kafin gyara ya zo

Kada jiran mai gida ya sa ka zauna haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 da ta nuna zama cikin laima da fumfuna yana da alaƙa da tari, shessheƙar ƙirji, cututtukan numfashi da tsanantar asma. Jarirai, tsofaffi, masu asma da masu raunin garkuwar jiki su suka fi shiga haɗari. Wanda ya taɓa yin tarin fuka shi ma ya kiyaye, domin akwai nau'in fumfuna da ke iya zama a ramukan da cutar ta bari a huhu.

A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a garin Rochdale na Ingila. Iyayensa daga Sudan suka je can. Tun 2017 mahaifinsa ya kai kukan fumfuna, aka ce masa ya shafe ta da fenti. A Nuwamba 2022 binciken hukuma ya tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfunar gidan ce ta jawo ciwon numfashin da ya yi ajalinsa. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba 2025 a gidajen haya na hukuma da na ƙungiyoyin samar da gidaje a Ingila: kwana 10 na aiki a bincika, kwana 5 na aiki bayan nan a kawar da haɗarin, awa 24 idan na gaggawa ne. Ba mu da irinta a nan, amma idan wani ya ce maka wa'adin mako guda ko biyu ya yi tsauri, ka san ba son rai ka bi ba.

Ka fitar da jariri da mai asma daga ɗakin, ko da za a matsu a falo. Ka bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da bango, ka ɗaga katifa daga ƙasa. Ledar ƙasa da kafet a kan daɓe mai naso suna kulle ruwa ne, ka naɗe su har damina ta wuce. Duk ranar da aka samu rana a fitar da katifa da barguna, a buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa. Abin da ya jiƙe a busar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, bayan nan fumfuna ta kama. Masara da gyaɗa da suka yi fumfuna kada a ci, kada a ba kaji, domin suna iya ɗauke da guba mai illa ga hanta wadda dafuwa ba ta kashewa.

Abu biyu nake roƙonka. Kada ka kunna gawayi a ɗaki rufe don ya bushe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Idan kuma ruwa ya kai soket ko wayar silin, ka kashe wutar sashen har mai gyara ya duba.

Fumfunar da faɗinta bai kai mita ɗaya ta kowane gefe ba kana iya wanke ta da kanka. Ka sa safar hannu da takunkumi, ka buɗe taga, yara su fita. Kada ka kankare ta a bushe, ƙurarta za ta cika ɗakin. Ka goge da ruwa da sabulun gari, ka busar. In za ka bi da Hypo ko Jik, kada ya wuce kofi ɗaya a lita huɗu na ruwa, kuma kada ka haɗa shi da ruwan wanke masai ko wani sinadari, haɗin yana fitar da iska mai guba. Silin ɗin da ya jiƙe ya yi baƙi da katifar da fumfuna ta ratsa cikinta ba sa wankuwa, sai canji. Wanke ta kuma ba gyara ba ne, muddin ruwa na zuwa za ta dawo.

Mataki na shida: in za ka gyara da kuɗinka, a yi shi da izini

Sau da yawa mai gida ba mugu ba ne, kuɗin hayar ne ya riga ya shige wata hidima. Wani gidan ma na marayu ne, ko na gado da ba a raba ba. A irin wannan, mafita ita ce ka yi gyaran a cire daga hayar da ke tafe. Amma a rubuta kafin a sa hannu a aiki: wane gyara, wa zai yi, nawa ne iyakar kuɗin, daga wace haya za a cire. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa. A gidan gado ka tabbata wanda ya ba ka izini shi magada suka wakilta. Ka riƙe rasiɗin siminti, yashi, kwano da ladan ma'aikata. Wanda ya gyara ba izini, a fiƙihu ana ɗaukarsa kamar ya yi kyauta ne, a kotu ma da wuya ya karɓi kuɗinsa.

Ka kuma sa ido a gyara tushen, kada a yi maka ado. Fentin mai a kan bango mai naso watanni kaɗan zai yi ya kumbura. Tayil a gindin bango yana ɓoye tabon ne, ruwan ya haura ya ɓullo a samansa. Gyaran naso daga waje yake farawa: a kwashe ƙasar da ta taru a gindin gini, a yashe kwata, a zuba daɓen siminti kewaye da bango mai gangara zuwa waje. Sannan a sassaƙe filastar da gishiri ya ci har a wuce bakin tabon, a bar bulo ya sha iska, a sake filasta da sinadarin hana ruwa, fenti ya zo a ƙarshe bayan an bushe sosai. Wannan aikin rani ne. Na rufi da na bututu kuwa ba sa jira.

Mataki na bakwai: idan ya ƙi

Kada ka riƙe kuɗin haya da ra'ayin kanka. Da ka yi haka ka zama mai bashi, maganar ta tashi daga yoyo ta koma kan kuɗi, kuma ka ba shi hujjar korarka.

Ka sake rubutawa, ka ambaci saƙon farko da ranarsa, ka ba da sabon wa'adi. In 'yan haya da yawa ne, ku rubuta tare. Daga nan sai mai unguwa ko limami ko wani dattijon da mai gidan ke jin nauyinsa, kuma rigima da yawa a nan take mutuwa. A jihohin da ke da Hisbah, ofishinsu yana sulhu irin wannan. Idan abin ya shafi sokawe, kwata ko ruwan masai, ka je sashen lafiya na ƙaramar hukuma wajen duba-gari, suna da ikon zuwa su duba su ba mai gida takardar ya kawar da ƙazantar. Idan duk bai yi ba sai kotu, kuma kafin nan ka ga lauya ya gaya maka wadda ke da hurumi a jiharku. Marar hali yana iya tuntuɓar ofishin Legal Aid Council na jiharsa, wato hukumar da ke ba marasa hali taimakon lauya. Abin da za ka nema ɗaya ne daga uku: a gyara, a biya ka ɓarnar kayanka, ko a mayar maka da ragowar kuɗinka ka tashi.

Wani mai gidan da ka matsa sai ya ce ka bar masa gidansa. Ka sani kora tana da ƙa'ida. A Abuja da Legas, mai biyan shekara-shekara yana da sanarwar wata shida sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, bayanta sanarwar kwana bakwai, sannan kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Cire ƙofa, yaye kwano ko watsar da kaya waje ba hanyar doka ba ce a ko'ina cikin ƙasar nan.

Mataki na takwas: kafin ka kama wani gidan

In da zaɓi, ka duba gida da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi. In dole da rani ne, ka shiga ɗakin da aka daɗe da rufewa ka shaƙa kafin a buɗe taga. Ka ƙwanƙwasa gindin bango da mukulli, filastar da ta saki tana amsawa kamar ba komai a bayanta. Ka yi shakkar sabon fenti da aka yi wa rabin bango na ƙasa kaɗai, da shafin silin guda da ya fi 'yan'uwansa fari. Ka gwada tsayin daɓen ɗaki da na titi. Ka tambayi maƙwabta da mai shagon bakin layi yadda unguwar take a watan Agusta, su ba su da la'ada a ciki.

Sannan ka nemi a sa wannan a takarda: gyaran rufi, bango, tushe, bututu, sokawe da magudana yana kan mai gida; zai fara cikin kwana kaza da samun sanarwa; in bai fara ba, ɗan haya zai gyara a cire daga haya bisa rasiɗi; in ɗaki ya gagara zama, za a mayar da kuɗin watannin da suka rage. Ranar da aka ba ka mukulli ka zagaya da wakilin mai gida, ka ɗauki hoton kowane bango da silin, ka tura masa a ranar. A kuma rubuta cewa kowace shekara, a watan Afrilu kafin ruwan farko, za a hau rufi a duba kwano da ƙusa, a yashe magudanar sama, a gyara indararo.